Ruwa Nawa Aka Yi Jiya A Gafasa? Matasanmu Masu Haɗa Na'urori Ne Ya Kamata Su Ba Da Amsa

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauye a farkon damina ya san irin hirar da ake yi bayan sallar asuba idan an kwana da ruwa. Wani ya ce ruwan ya kai na shuka. Wani ya ce ina, ƙura kawai ya kashe. Wani ya saɓa fartanya ya fita bayan gari ya tona, ya dawo yana nunawa da yatsunsa inda laima ta tsaya. Ana cikin haka sai ga wani a babur daga Toranke, ya ce su can ko ɗigo ba su gani ba. A Gafasa, cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi, na sha zama a irin wannan hira, kuma ban taɓa jin an ambaci lamba ba. Abin da ake cewa shi ne "an yi ruwa sosai", ko "ba laifi", ko "an dai taɓa". A kan waɗannan kalmomi magidanci yake yanke shawarar fitar da irin geron da ya adana tun kaka. Idan ya shuka, ruwa ya ɗauke na kwana goma sha biyar, tsiron ya ƙone, sai ya nemi wani irin, wani lokacin da bashi.

Wannan ne ya sa nake ganin a cikin duk ayyukan lantarki da matasanmu suke haɗawa don sha'awa, babu wanda ya kai tashar auna yanayi mai aiki da sola amfani a wuri irin namu. Amma fa da sharaɗi. Wadda nake nufi ita ce wadda aka gina ta domin ta auna ruwan sama, ta rubuta shi kullum ba fashi, shekara da shekaru. Wadda ake gani a YouTube, mai ɗan allo mai launi yana nuna zafin ɗaki da hoton gajimare, abin wasa ce mai kyau, kuma na haɗa irinta na ji daɗi, sai dai babu manomin da ta tsinana wa komai.

Ai wayata tana nuna yanayi

Wannan ita ce maganar farko da za ka ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Buɗe manhajar yanayi ta wayarka, ka rubuta Ajingi, za ta ba ka zafi, ta ba ka yiwuwar ruwa. To daga ina lambar ta fito? Babu wata na'ura a Ajingi da take aika mata. Manyan kwamfutoci ne a Turai da Amurka suke yanka duniya gida-gida kamar dara, su lissafa abin da iska za ta yi a kowane gida. Tsarin Turai na ECMWF faɗin kowane gida nasa kimanin kilomita 9 ne, na Amurka mai suna GFS kuwa kimanin kilomita 13. Lissafin yana kyau ne gwargwadon awon da aka ciyar da shi daga ƙasa, kuma a nan ne Afirka take da giɓi: tashoshin awonmu sun yi ƙaranci ƙwarai a kan abin da Hukumar Yanayi ta Duniya, WMO, take so a samu.

Hukumar NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, har ana fassara shi da Hausa. Aiki ne mai amfani, ina kuma ba kowa shawara ya neme shi. Amma shahararren awon Kano a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ake yinsa, tsakaninsa da Gafasa kuwa ya haura kilomita 60. Ruwan da ya sauka a titin jirgi ba shi ne ya sauka a gonar Baffana ba.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen fatar baki ne. An gwada abin a Nijar. A farkon shekarun 1990, masu bincike na Faransa da hukumar yanayi ta Nijar sun dasa ma'aunan ruwa kusan 100 a kewayen Yamai, a shirin da ake kira EPSAT-Niger. A daminar 1992 an samu wurare biyu da tazararsu ba ta kai kilomita 10 ba, amma bambancin ruwan da suka samu a daminar ya haura milimita 200. Irin hadarin da yake ba su ruwa shi yake ba mu: ya haɗo daga gabas, ya taho da iska, ya zuba a wani gari ya tsallake wani. Abin da mai babur daga Toranke yake faɗa ke nan, masana suka tabbatar da shi da lamba. Saboda haka Gafasa tana buƙatar ma'auninta, Balare nata, Kunkurawa nata, Gurduba nata.

Me milimita take nufi? Milimita 1 ita ce lita 1 ta ruwa a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. A hekta guda, lita 10,000 ke nan, wato jarka 400 mai cin lita 25. Masanin nan M.V.K. Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar ICRISAT da ke Sadore a Nijar, ya fitar da wata ƙa'ida a 1988 da har yau ake amfani da ita wajen gane saukar damina a ƙasashenmu: a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere bayan 1 ga Mayu, kuma kada a samu ɗaukewar ruwa ta fiye da kwana bakwai cikin kwana 30 da suka biyo baya. Rabin ƙa'idar na biyu babu mai saninsa sai ya wuce. Rabin farko kuwa, yaron da yake da ma'auni zai iya faɗa wa gari da sassafe. Idan milimita 8 aka yi, komai ƙarar tsawar da aka kwana ji, ba ruwan shuka ba ne, kuma wanda ya yi binne ya san irinsa yana cikin haɗari: laimar ta isa ta tayar da tsiro, ba ta isa ta riƙe shi ba.

Fara da mazurari

Ga shawarata da za ta ɓata wa wasu rai: kafin ka sayi ESP32, kafin ka kunna ƙarfen soda, nemi mazurari da kwalba da sirinji. Idan faɗin bakin mazurarinka santimita 11.3 ne, filin bakinsa ya zama murabba'in santimita 100, kuma duk mililita 10 da ka samu a kwalba daidai take da milimita 1 ta ruwan sama. Idan faɗin santimita 20 ne, milimita 1 ita ce mililita 31.4. Shi ke nan, ka mallaki ma'aunin da ba ya cin batir. Wannan ma'aunin hannu shi ne alƙalin na lantarkin da za ka haɗa daga baya. Duk ranar da suka saɓa, na hannu ake bi.

Ba ƙauyanci ba ne. A Amurka, ranar 28 ga Yuli 1997, ambaliya ta kashe mutum biyar a garin Fort Collins na jihar Colorado. Ruwan da ya sauka a yammacin garin ya haura milimita 350, alhali wasu unguwannin da ba su da nisa ɗan kaɗan suka samu, kuma ma'aunan hukuma ba su nuna girman abin ba. Daga nan ne masanin yanayi Nolan Doesken ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta CoCoRaHS a 1998. Yau dubban mutane ne suke aika awon ruwa daga bayan gidajensu kowace safiya, kuma ma'aunin roba na hannu ƙungiyar ta wajabta musu, a ƙasar da ba a rasa kuɗin sayen na lantarki ba. A Mali ma, tun 1982 hukumar yanayi ta fara shirin raba wa manoma ma'aunai da koya musu ranar shuka gwargwadon abin da suka auna.

To me ya sa za a wahala da lantarki? Saboda mutum yana mantuwa, yana tafiya, yana rashin lafiya, ranar kasuwa yana sammako. Kuma kwalba ba ta faɗa maka cikin minti nawa ruwan ya zuba. Milimita 40 cikin awa shida ƙasa za ta shanye. Milimita 40 cikin rabin awa ita ce mai wanke takin da aka zuba jiya, ta share kunya, ta kwantar da katangar ƙasa. Na lantarkin ne yake riƙe wannan bayani.

Ma'aunin lantarkin da aka fi amfani da shi wani ɗan cokali ne mai baki biyu da yake lilo a ƙarƙashin mazurari. Gefe ɗaya ya cika, ya rinjaya ya zubar, ɗayan ya karɓa. A jikinsa akwai maganaɗisu, duk rinjaya sai ya gifta wani ɗan makunni na gilashi, ESP32 ta ƙirga ɗaya. Na kasuwa da aka fi samu, kowace rinjaya milimita 0.2794 ce a takarda. Kada ka yarda da takarda. Ɗauki sirinji ka ɗiga ruwa a hankali, ka ga mililita nawa ke sa shi rinjaya, ka yi naka lissafin. Abu biyu za ka kiyaye. Makunnin yakan yi rawa, rinjaya ɗaya ta ƙirgu sau uku, don haka a cikin shirin ka sa ta yi watsi da duk taɓawar da ta biyo cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Na biyu, a ruwa mai ƙarfi irin na marka cokalin yana asarar abin da ya zubo yayin da yake juyawa, sai ya ba ka ƙasa da gaskiya. Na hannun ne zai nuna maka girman giɓin.

Inda za a kafa shi ma ilimi ne. A ajiye shi daidai ba karkata, a fili, nesa da bishiya ko gini da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Ni na farko a gefen darbejiyar ƙofar gida na kafa shi, don in riƙa hango shi daga zaure. Hadarinmu daga gabas yake zuwa, bishiyar kuma tana gabas da shi. Wata guda ina rubuta awon da bishiya ta riga ta cinye rabinsa.

Sauran sensa, da yadda littafin waje ke yaudararmu

Don zafi da laimar iska, yawancin darussan intanet da DHT11 suke farawa saboda arha. Duba takardarta: laimar da take iya aunawa daga kashi 20 cikin 100 take farawa. A hunturu, idan iskar arewa maso gabas ta kankama, laimar rana a ƙasar Kano tana sauka ƙasa da haka. Wato a watannin da leɓe ke tsagewa, sanƙarau ke yawo, sensar makauniya ce. BME280 ta kamfanin Bosch ta fi, tana auna zafi da laima da matsin iska a ƙwaya ɗaya. SHT31 ta Sensirion ma tana da kyau. Sai dai a yi hattara: akwai BMP280, ƙanwarta da ba ta auna laima, kuma kamanninsu ɗaya a ido. An taɓa sayar mini da ita a wani shago a birni da sunan BME280. Kwana biyu ina zargin wayoyina kafin na gane ba laifina ba ne.

Sensar zafi ba a barinta a rana, ba a kuma kulle ta a akwati. Idan rana ta taɓa ta, zafin jikinta take faɗa maka, ba na iska ba. Tun 1864 injiniyan Scotland Thomas Stevenson ya ƙirƙiro farin akwatin katako mai tagogi da ake gani a filayen jirgi saboda wannan matsala. Kai ba sai ka je wurin kafinta ba. Fararen farantan roba shida ko bakwai, a kife su ɗaya bisa ɗaya da tazarar yatsa, a huda tsakiyar na ciki, a rataye sensar a nan, iska tana ratsawa rana ba ta shiga. Tsayin da WMO ta tsara shi ne mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa. Kada a ɗora a kan rufin kwano. Wanda ya ɗora a kan kwano a watan Afrilu zai samu lambar da za ta sa ya yi tsammanin tashin duniya ya zo.

Ga kuma wani tarko da ban ga ana maganarsa ba. Darussan da aka rubuta a Ingila ko Jamus za su koya maka cewa idan matsin iska ya faɗi, ruwa na tafe, har da shirin da aka riga aka rubuta da zai sa hoton lema ya fito a allo. A can haka ne. A nan kusa da tsakiyar duniya matsin iska yana hawa da sauka sau biyu kowace rana, ya kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ya yi ƙasa wajen ƙarfe 4 na yamma da 4 na asuba, ko da ruwa ko babu. Idan ka kwafi wancan shirin, tasharka za ta riƙa yi wa mutane albishir da ruwa kullum da la'asar, har a tsakiyar Janairu. Kuma kada ka firgita idan ka ga 960 da wani abu maimakon 1013 da littafi ya ce: ƙasarmu tana da tudu na kimanin mita 400 a kan teku.

Abin da sensar laima za ta nuna maka mai daɗin kallo shi ne juyawar iska. Dattawa sun san ta, suna cewa iska ta juya idan ta bar arewa maso gabas ta koma busowa daga kudu maso yamma a bazara. Masana suna bin wannan iyaka da ma'aunin raɓa, wato sanyin da iska za ta kai kafin raɓa ta fara sauka, kuma ana lissafa shi daga zafi da laima. Idan ya haura digiri 14 ko 15 ya zauna a nan, iskar teku ta iso. Ba ta ce maka gobe za a yi ruwa ba. Ta dai ce kayan haɗin hadari sun sauka a gari.

Ma'aunin gudun iska kuwa, ni ban damu da shi ba a shekarar farko. Ƙa'idarsa mita 10 sama, kuma dogon ƙarfe a fili a lokacin hadari gayyatar aradu ce.

Sola ba ita ce matsalar ba

Rana dai Allah Ya hore mana. Kuskuren da nake gani shi ne mutum ya ga tasharsa tana mutuwa da dare sai ya ƙara girman farantin sola. Mu yi lissafi. A ce ESP32 tana farkawa duk minti 10, ta yi daƙiƙa 3 tana jan 50mA, ta karanta sensa ta rubuta ta koma barci. Sau 144 ke nan a rana, jimilla 6mAh. A ce SIM800L tana tashi sau biyu a rana ta aika saƙo, minti ɗaya-ɗaya, tana jan matsakaicin 300mA: 10mAh. To sai barcin. Ita ƙwayar ESP32 a barci mai nauyi abin da take ja bai taka kara ya karya ba, wajen 0.01mA. Amma allunan da muke saya masu kafar USB da ɗan fitila, wasunsu suna jan 10mA ko a barci. Sau awa 24, 240mAh ke nan. Ka ga barcin ya ci ninki goma sha biyar na aikin. Idan ka cire fitilar, ka zaɓi allo mai mai-daidaita wuta marar ci, har barcin duka ya sauko 0.1mA, tashar gaba ɗaya ba za ta ci 20mAh a rana ba. Batir 18650 guda mai 2500mAh na gaske zai riƙe ta fiye da wata uku ba rana. Faranti mai 6V na wat 2 zuwa 5 ya wadatar, har ya yi yawa.

Na ce "na gaske" saboda kasuwa cike take da 18650 da aka rubuta wa 9900mAh. Babu irin wannan batir. Masu kyau yawanci ba sa wuce 3500mAh. SIM800L kuma tana fizgar har 2A na ɗan lokaci idan tana neman layi, don haka batir mai rauni ko siririyar waya za su sa ta riƙa mutuwa tana tashi. A sa mata babbar kafasito a kusa. A kuma tuna 2G kaɗai take ji, sai a gwada layin da ya fi kamawa a wurin kafin a kafa.

Abokin gaba na gaskiya zafi ne. Batirin lithium irin 18650 ba a so a yi masa caji idan zafinsa ya wuce digiri 45. A Afrilu inuwa kanta tana haura 40, balle cikin baƙin akwatin roba da aka ɗaure a ƙarƙashin faranti. Nawa na farko bai ga damina ba, ya mutu tun a bazara. Yanzu farin akwati nake amfani da shi, a inuwar farantin da tazara, da ƙananan huji a ƙasa da aka rufe da ragar sauro. Wanda ya samu LiFePO4 mai 3.2V ya fi samun kwanciyar hankali, ya fi jure zafi, amma na'urar cajinsa daban ce, kada a haɗa shi da TP4056.

Farantin a karkata shi kudu da digiri 12 zuwa 15, gwargwadon matsayinmu a kan taswira, kuma karkatar tana taimaka wa ruwa ya wanke shi. A hunturu babu ruwan, sai tsumma, sau ɗaya a mako. Sannan akwai maƙwabtan da babu littafin da ya ambace su. Zanzaro ya taɓa gina mini ɗaki a maƙogwaron mazurari. Gizo-gizo ya ɗaure cokalin da saƙa. Tsuntsu ya mai da bakin ma'aunin masai. Duk wannan ba ya nuna kansa a waya. Abin da za ka gani kawai shi ne sifili, ka ɗauka ba a yi ruwa ba. Shi ya sa shirin TAHMO, wanda Nick van de Giesen na jami'ar Delft da John Selker na jami'ar jihar Oregon suka assasa da burin kafa tashoshi 20,000 a Afirka, ɗaya a kowane kilomita 30, yake yawan ajiye tashoshinsa a makarantu, inda akwai malami da ɗalibai masu leƙawa. Tashar da babu mai duba ta, komai tsadarta, za ta yi ƙarya.

Game da adana bayani, ra'ayina a fili yake. Katin memori da agogon DS3231 su ne farko, intanet ta biyo baya. Data tana ƙarewa, layi yana ɗaukewa daidai lokacin hadari, dandalin kyauta da kake aika wa bayanai yana iya rufewa gobe. A rubuta komai a kati da kwanan wata da lokaci, sannan a aika jimillar ruwan jiya ta gajeren saƙo da ƙarfe 7 na safe. Gajeren saƙo yana shiga ƙaramar wayar da ke aljihun kowane manomi.

Maganar Baffa

Ranar da na kafa ta biyu, Baffana ya daɗe yana kallona daga inuwa. Da na sauko ya ce, "Kai yaro, wannan abin naka shi zai gaya mana ranar da za a yi ruwa?"

Na ce, "A'a Baffa, wanda aka riga aka yi zai auna."

Ya ce, "To wanda aka yi ai na gani da idona."

Ban ba shi amsa mai kyau a ranar ba, kuma tambayarsa ta fi duk wadda aka yi mini a intanet nauyi. Akwai abu biyu a cikinta. Na farko tsoron kada yaro ya shiga hurumin da ba nasa ba. Wannan mai sauƙi ne: ruwa na Allah ne, Yana saukar da shi inda Ya so, kuma auna abin da ya sauka bai bambanta da auna geron da aka girbe da tiya ba. Ni ma ba na son matashi ya haɗa sensa biyu ya fara shelar "gobe za a yi ruwa". Tasha ɗaya ba ta hasashe. Ranar da ya faɗa aka shuka ba a yi ba, ya kashe wa duk masu irin wannan aiki kasuwa a garin.

Na biyun shi ne mai wuya: me lamba ta ƙara wa mutumin da ya shekara hamsin yana tona ƙasa da fartanya? A rana ɗaya, kaɗan ne. Hannun Baffa ya fi sensata sanin gonarsa. Amma hannu ba ya ajiye tarihi. Tambayi dattawa uku ko daminar bana ta fi ta shekara biyar da suka wuce jinkiri, za ka samu amsa uku. Kowa yana cewa damina ta canza, amma ta canza da kwana nawa a Gafasa? Ɗaukewar ruwa ta tsakiyar Yuni sau nawa ta wuce kwana goma? Amsar ita za ta nuna ko a koma irin gero da wake masu saurin nuna, ko a jinkirta zuba yuriya, wadda ke tashi a iska idan aka watsa ta a saman ƙasa ba a samu ruwan da zai shigar da ita ciki ba. Haka kuma duk ranar da ruwa ya ci gonaki ko fari ya ƙone su, aka zo rubuta asara, ko aka kawo inshorar da ake biya gwargwadon awon ruwa, garin da yake da littafin shekara biyar yana da abin nunawa. Wanda ba shi da shi sai a yi masa hukunci da awon wani gari.

A nan ne nake da ƙorafi a kan yadda muke yin ayyukan kammala karatu a manyan makarantunmu. Kowace shekara ɗalibai suna haɗa tashar yanayi, a nuna wa malamai tana aiki a kan tebur na minti goma, a ba da maki, a cire ESP32 a sayar wa na baya. Da za a ce makin sai tashar ta kwana 90 a waje, ta kawo awonta tare da na ma'aunin hannu a gefe, da an koyi injiniyanci na gaske, domin a kwana 90 ɗin ne batir ke mutuwa, zanzaro ke gini, agogo ke ɓata. Kuɗin kayan gaba ɗaya bai kai na matsakaiciyar wayar Android ba, kuma masu gyaran waya da ke Gaya da Ajingi sun iya soda fiye da yawancinmu masu rubutu.

Wanda yake son farawa, rani ne lokacinsa. A haɗa a Janairu, a bar ta a waje ta sha hazo, ta sha zafin Maris da Afrilu, duk abin da zai mutu ya mutu kafin Mayu. A samu makaranta ko gidan mai unguwa inda akwai katanga da mai gadi, saboda farantin sola a fili yana da masoya. A ajiye littafi mai bango mai ƙarfi, kowace safiya a rubuta na hannu da na lantarki gefe da gefe, ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifili, kada a bar gurbin fayau. Ni na ƙara da ɗan allo a bangon zaure, ina sa ƙanena ya rubuta awon jiya da alli. Baffa har yanzu da fartanyarsa yake fita ya tona. Sai dai idan ya dawo yakan tsaya a zauren ya tambayi yaron, "Nawa abin naku ya ce?"